Kwat ɗin Sannu-Sannu

"Kada ka motsa," in ji Mai aski. "Reza ba ta san abota ba."

Sannu-Sannu ya yi 'yar dariyar da ba ta da sauti. "Ina na ga ƙarfin motsi, Malam? Yi aikinka."

An tokare shi da matasai a kujerar falo, kusa da taga, inda hasken hantsi ya fi faɗowa. Mai aski ya daɗe yana aske fuskar nan a shagonsa da ke ƙasan benen, ya san ta kamar tafin hannunsa, amma yau sai da ya tsaya ya sake karanta ta. Kumatun sun faɗa ciki, ƙashin haɓa ya fito, idanun sun yi zuru-zuru. Ya riga ya yi shawara da kansa tun a matakala: ba zai kwashe gemun duka ba. Zai bar shi ya ɗan yi kauri a inda kumatu suka rame, ya gyara layin ya fito tsaf, yadda duk wanda ya gani zai ce gayu ne, ba ciwo ba.

Sannu-Sannu direban bas ne na cikin gari, a nan ƙasar waje. Abokan aikinsa ne suka laƙa masa sunan, don bai taɓa taka birkin da zai sa fasinja ya dafe ƙarfe ba. In an tsokane shi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Auren ma haka ya yi shi. Sai da furfura ta ci masa rabin kai ya tafi hutu ƙasarsu ya dawo da labarin ya yi aure. Matar, wadda har yau mutanen benen ke kira Amarya, tela ce mai shago. Ta sayar da shagon, ta biyo shi da akwatuna biyu da kan keken ɗinki naɗe cikin bargo.

Da bizar bin miji ta shigo, kuma wannan bizar igiya ce. Zamanta a ƙasar rataye yake a wuyan nasa. A bayan katinta an rubuta ƙuru-ƙuru cewa ba a yarda ta yi aikin da za a biya ta ba, ko da kalmasa bakin zanen gado ne. Sai an cika shekarun da doka ta yanka, a kira su su biyu ofishin shige da fice, a yi musu tambayoyi a tabbatar auren na gaskiya ne, sannan a ba ta izinin zama da na aiki na ƙashin kanta. In miji ya rasu kafin ranar, shi ke nan, an rufe fayil, sai ta tattara komatsanta. Can kuwa da za ta koma babu kowa nata sai kaburbura, da shagon da wani ke zaune a ciki.

An taɓa kiran su sau ɗaya, yana kwance a asibiti. Suka aika da takardar likita, ofis ya amsa da ladabi cewa an ɗage sai ya samu sauƙi. Ɗagawar nan ta ci watanni. A cikinsu ne likita ya sallame shi gida, irin sallamar da kowa ya san ba ta warkewa ba ce. Shi ya sa yau, da aka sake kiran su, ba a maganar keken guragu, ba a maganar takardar likita. In ya shiga ofishin nan da kamar majinyaci za a sake tausaya masa a ɗage, shi kuwa ba shi da watannin da zai ba su.

Mai aski ya tsoma tawul a ruwan zafi, ya matse, ya lulluɓe masa fuska don jini ya ɗan taso. Tun makonnin baya ya zaci za a ƙwanƙwasa masa ƙofa a ce ya fito an yi rasuwa. Mutumin da kofin shayi ke gagararsa ɗauka, wanda cokali biyu na kunu ke zama masa aiki, ga shi nan har yau yana lumfashi. Ya taɓa kasa daurewa ya tambaye shi abin da ke riƙe da shi.

"Ba ni ke riƙe da rai ba, Malam," ya ce masa a ranar. "Roƙo kawai nake yi. Kullum sai in ce, ya Allah, na ɗauko fasinja daga nesa, ka bar ni in kai ta tasharta."

Amarya ta fito daga ɗaki da kwat ɗinsa mai ruwan toka a hannu, tana cizge zare da haƙori. Shi ne kaɗai ɗinkin da doka ba ta hana ta ba, kayan mijinta. Duk sanda ya ƙara ramewa sai ta sake rage kwat ɗin, da hannu, don ƙarar keke na sa masa ciwon kai. Keken na can a kusurwa rufe da tsohon zane.

"Yaya, ka gama da shi? Kada ka mai da min shi saurayi a ƙwace min a hanya."

"Ai kin makaro, ƙanwata. Duba ki gani."

Ya ɗauke tawul ɗin. Ta duba, ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai ta juya ta shiga kakkaɓe kafaɗar kwat ɗin da babu ƙura a kai.

Su biyu suka sa masa. Kwat ɗin ya zauna masa ɗas. Ta cusa auduga a kafaɗu, ta matso da maɓallai, ta yadda ba ka ganin inda mutum ya ƙare tufa ta fara. Mai aski ya miƙa hannu zai ɗaga shi, Sannu-Sannu ya girgiza kai. Ya dafa hannun kujera, ya yi bisimilla, ya miƙe. Ya tsaya tsaye a kan ƙafafunsa, karon farko tun da aka dawo da shi daga asibiti, yana kallon kansa a madubin bango.

"Kai," ya ce. "Ashe haka nake da kyau kuka ɓoye min."

Tsikar jikin Mai aski ta tashi. Ya tattara rezarsa.

A tasi suka je. Ofishin babban zaure ne mai sanyi, da layukan kujerun roba a manne da juna, da allo a sama yana nuna lambar wanda aka kira. Ko'ina mutane ne rungume da fayil, masu magana da harsuna iri-iri, kowa ya yi wanka ya sa kayan fita kunya. Suka zauna. Sannu-Sannu ya miƙe baya sambal, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Mai aski ne kaɗai, da ke manne da shi, yake jin yadda jikinsa ke karkarwa ta cikin kwat, da zufar da ke tsattsafowa a bayan kunnensa. Ya zaro hankici ya share masa kamar yana gyara masa kwala.

Da lambarsu ta fito, sai ga ɗakin da aka kira su can ƙarshen zauren. Mai aski ya auna nisan da ido. Ba a yarda ɗan rakiya ya wuce jan layin da ke ƙasa ba.

"Riƙe hannuna, Amarya," in ji Sannu-Sannu. "Ba don in faɗi ba, don su ga soyayya."

Suka tafi. Mai aski ya tsaya a bakin layin yana kallo, bakinsa na motsi da duk addu'ar da ta zo masa. Ya ga mutumin yana tafiya sannu, tafiyarsa ta kullum, har da ɗan rausaya kafaɗa. A tsakiyar zauren ya tsaya. Ran Mai aski ya tsaya tare da shi. Sai ya ga ashe wata tsohuwa ce ta yar da katinta, shi kuwa ya nuna mata da yatsa, ya jira ta ɗauka, ya yi mata murmushi, ya ci gaba. Ko hutawa ya yi, ko halinsa ne na direba da ba ya wuce tsohuwa a hanya, Mai aski bai taɓa sani ba. Ƙofa ta rufe a bayansu.

An daɗe. An fito da Amarya ita kaɗai ta zauna a benci, aka sake shigar da ita, aka fito da shi. Daga nesa Mai aski na hango shi zaune shi kaɗai, hannayensa a kan gwiwa, idanu a rufe, bai jingina da bango ba. Daga baya aka kira su tare.

Da suka fito, Amarya na kuka tana dariya lokaci guda.

"Yaya, ka ji mutumin nan! An tambaye mu ɗaya bayan ɗaya wa ke minshari a cikinmu. Na ce shi. Ashe ya ce ni!"

"To ƙarya na yi?"

"Na ce shi ke nan, ya kashe mu, amsa ta saɓa. Sai ma'aikaciyar ta kwashe da dariya. Wai masu auren bogi ba sa saɓawa, haddacewa suke yi su zo. Wai mu kam ta ga alama mun daɗe muna wannan faɗan."

"An buga hatimin?" in ji Mai aski.

"An buga," in ji Sannu-Sannu. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Na tambaye ta, daga yau ne ko sai katin ya iso? Ta ce daga yau. Na ce, ko da wani abu ya faru kafin ya iso? Ta daɗe tana kallona, Malam. Ina jin ba a banza take zaune a kujerar nan ba, ta gane. Ta ce, Baba, daga yanzu da na ɗaga hannuna daga kan takardar nan, zamanta nata ne." Ya ja lumfashi. "Har ƙofa ta rako mu."

Ya ƙi tasi a komowa. Ya ce bas zai hau, layinsa. Yaron da ke tuƙin ya gane shi, ya taso daga kujera ya gaishe shi da hannu biyu. Suka zauna a gaba. Duk tashar da aka tsaya sai Sannu-Sannu ya ambaci sunanta a hankali kafin a sanar, ya kuma yi tsaki in birki ya yi ƙarfi. "Yaran yanzu, kamar buhuna suka ɗauko." A hankali maganar ta ragu, ya kwantar da kai a kafaɗar matarsa.

A gindin matakalar benen ya tsaya ya dubi sama, ya yi murmushi.

"To, Malam. Yanzu kam ɗauke ni."

Mai aski ya sunkuya ya ɗauke shi cak. Ba tsohon da zai iya ɗaukar ƙato ba ne, amma bai ko yi haki ba, kusan duk nauyin na kwat ne da takalma. Wannan ne abin da ya fi tsaya masa a rai. Yana hawa yana tambayar kansa, to me ya taka zauren nan ɗazu? Tsoron Allah ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a wajen jana'iza.

Da aka kwantar da shi, ya nuna kusurwa da haɓa. "Cire wa keken nan zane, Amarya."

"Kanka zai yi ciwo."

"Bar shi ya yi. Shekara nawa ina auren tela ban ji ƙarar aikinta ba."

Washegari da la'asar Mai aski na shago yana yi wa wani gyaran fuska, ƙarar keken na saukowa ta silin, tana tafiya tana tsayawa. Matarsa ce ta fara kai wa Amarya labulen da za ta kalmasa mata. Can ƙarar ta tsaya. Ya jira ta ci gaba, almakashi a buɗe a hannunsa. Ba ta ci gaba ba. Ya ajiye almakashin, ya ba mutumin haƙuri, ya hau sama.

Bayan an share makoki, Amarya ta aiko masa da kwat ɗin a leda, ta ce mamacin ne ya bar wasiyya a ba shi. Ya gwada a shago, hannunsa ma bai shiga ba. Ya hau ya same ta zaune a gaban keke, matarsa na gefe tana taya ta warware zare, sabon katin na jingine a kan taga.

"Ƙanwata, wannan ai sai dai in rataye shi ina kallo."

"Kawo, Yaya. Zai buɗu."

Ta juya kwat ɗin ciki ya koma waje, ta farke shafin da ɗan tsinke, ta shimfiɗa a kan teburin keken. Mai aski ya sunkuya ya duba. Layukan ɗinki ne jere a gefen, ɗaya a cikin ɗaya, kowanne ya fi na bayansa matsowa ciki, duk da hannu, ƙanana-ƙanana. Yadin da ta riƙa ragewa kuwa yana nan, ba ta yanke ko ƙyalle ba. Ta ninke shi ne ta kwantar a ciki, ta bi shi da guga.

"Na ce ko zai sake yin ƙiba," ta ce.

Ta sa tsinken a ƙarƙashin layin ƙarshe, ta fara zare zaren a hankali.