Ɗan Rakiya

Mutum biyu ne a asibitin suka samu aiki a ƙasar waje a wannan karon: wata nas ta ɗakin yara, da wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini da kowa ke kira Ba-komai. Nas ɗin matar Ƙa'ida ce. Ba-komai kuwa teburinsu ɗaya da Ƙa'ida a ɗakin gwajin, kuma duk duniya babu wanda Ƙa'ida ya raina aikinsa kamarsa.

Ba banza aka laƙaba musu sunayen nan ba. In wuta ta ɗauke firji ya huce, Ba-komai zai ce ba komai. In aka kawo jini babu suna a jikin kwalba, ba komai, ai ya gane fuskar matar. Ƙa'ida kuwa shi ne yake miƙewa a kowane taron ma'aikata ya faɗi abin da kowa ya sani kuma kowa ya haƙura da shi: famfon da ba ya kawo ruwa, safar hannu da ake wankewa a sake sawa, sakamakon da ake rubutawa da ka. Manya su gyaɗa kai, a ce za a duba, a tashi. Wannan "za a duba" ta kashe mutane a ginin nan fiye da kowace cuta, amma ba wanda ya taɓa ɗibar ta ya kai gwaji.

Abin da ma'aikata ba su sani ba shi ne, Ƙa'ida ma ya zauna jarrabawar fitar, rana ɗaya da matarsa. Ita ta haye, shi ya faɗi. Tun daga nan muryarsa ta ƙara ƙarfi a kan masu tafiya. In kowa ya gudu, wa zai gyara?

Yanzu asibitin can ƙasar wajen yana jiran amsa. Matar ta ce ba za ta tafi ta bar shi ba, ba kuma za ta raba yara da ubansu ba. Ko su tafi su huɗu, ko su zauna su huɗu. Magana ta rage a bakinsa.

Da yamma ya dawo gida ya tarar da ita tana ninke kayan yara a kan gado. 'Yarsu ta fari, Gimbiya, tana kwance rub da ciki tana zane, ƙaramin kuma, Auta, yana barci a gefe.

"Baban Gimbiya, sun sake bugowa," in ji ta.

"Su yi ta bugowa."

"Me zan ce musu?"

"Ki ce musu mijinki yana da aikin yi." Ya zauna yana cire takalmi. "Wai ni me aka ce sunana a bizar nan? Sake faɗa mini in ji daɗi."

Ta ci gaba da ninke kayan.

"Ɗan rakiya. Ko ba haka ba ne? Ke ki fita aiki da farar riga, ni in ɗaure goyo in tura keken jariri. In kin dawo in ce sannu da zuwa ranki ya daɗe, ruwan wanka ya yi zafi."

"To mene ne a ciki? Ni da nake faɗa maka haka kullum, wani abu ya ragu a jikina?"

"Kuma asibiti ɗaya za a kai ku da Ba-komai."

"Sashensa daban, nawa daban."

"Mutumin da bai san inda ake kashe na'ura ba! Shi zai zauna a ɗaki mai sanyi yana danna injuna, ni ina gida ina wanke kofuna. Ya zo ranar hutu ya ce, mutumina, yaya zaman gida?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube shi. "Wai ƙasar kake jin tausayi, ko Ba-komai ne ya tsaya maka a wuya?"

Gimbiya ta ɗago takardarta. "Baba, duba jirginmu. Ga Mama a gaba, ga ni, ga Auta."

"Ni ina nake?"

"Kai ne nan a baya, da jakunkuna."

Matar ta juya fuska tana danne dariya. Shi bai ga abin dariya ba.

A wurin aiki abin ya fi ciwo. Ba-komai ya zama ango. Masu shara suna tsayawa su gaishe shi, likitoci suna dafa kafaɗarsa, kowa yana cewa kada ka manta da mu. Ya sayi sabuwar farar riga, ya fara zuwa da wuri. Ƙa'ida ya daina kallon ɓangarensa na tebur gaba ɗaya, ya roƙi a sauya masa lokacin aiki don kada su riƙa haɗuwa. Duk da haka in suka yi kiciɓis a ƙofa, Ba-komai sai ya wangale baki.

"Malam Ƙa'ida! Yaya, an yanke shawara? Ka zo mu tafi mana, in riƙa samun wanda zai yi mini faɗa. Wallahi zan yi kewar masifarka."

"Ka je ka zubar mana da mutunci can, su san irin waɗanda muke fama da su."

"Ba komai," in ji shi, ya wuce yana fito.

Ranar Asabar Ƙa'ida ba ya aiki, yana wajen taron ƙungiyar ma'aikata a wani gari na kusa. Yana tsakiyar magana a kan ƙwararrun da ke watsewa sai wayarsa ta yi ta ruri a aljihu. Matarsa ce. Zazzaɓin da Auta ya kwana biyu yana yi ya rikiɗe, jikinsa ya saki, ta kai shi asibiti.

Ya iso da rana tsaka, gumi sharkaf. Ɗakin yara cike yake, gado ɗaya yara biyu, fanka ɗaya ce ke juyawa. Auta yana kwance a gadon ƙarshe kusa da taga, leɓɓansa sun yi fari, numfashinsa sama-sama. Uwar tana zaune da kayan gida, ta riƙe ƙafarsa. Likitar da ke aiki ranar, wata doguwa mai gilashi, ta tare shi.

"Gwamma da ka zo. Jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ƙarin jini za mu yi masa yanzu."

"Wa ya yi gwajin?"

"Wanda ke kan aiki. Ba-komai."

Ƙa'ida ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ba za a sa wa ɗana jini a kan maganar wannan mutumin ba."

"Baban Gimbiya," matar ta miƙe, "dubi idon yaron nan. Ja fatar ka gani. Ni nas ce, ba sai na'ura ta faɗa mini ba."

"Ƙarin jini ba ruwan sha ba ne. Kin san na'urar nan tana ƙarya in ba a auna ta ba, kin kuma san ba ya auna ta. Zan sake da hannuna."

A nan yana da hujja, ko dai a da yana da ita. Akwai wata 'yar kwalba a firjin ɗakin gwaji, ta jinin da aka riga aka san sakamakonsa. Ƙa'idar aiki ita ce kowace safiya a fara ba na'ura wannan jinin. In ta faɗi daidai, a amince da ita a kan jinin marasa lafiya. In ta kauce, a gyara ta tukuna. Ya yi shekaru yana kumfar baki a kan wannan, Ba-komai yana ce masa ai na'ura ba ta da aljanu.

Likitar ta ce, "Ba zan sa jini uba yana cewa a'a ba. Amma ka yi sauri, don Allah."

Ya nemo sirinji. Jijiyoyin yaron sun kwanta, ya soka bai samu ba, ya sake sokawa. Auta bai da ƙarfin ihu, sai wani ɗan kuka kamar na kyanwa. Uwar ta danne hannun yaron, ta kau da kai, hawaye na zuba a kan zanen gado. 

Ya shiga ɗakin gwaji a fusace. Ba-komai yana tsaye gaban madubin duba ƙwayoyin cuta, da safar hannu sabuwa, kwalabe a jere a gabansa, kowace da suna. Ƙa'ida bai gaishe shi ba. Ya buɗe firji ya ɗauko 'yar kwalbar awo, sai ya tsaya. Da ya buɗe ta a farkon wata cike take, kuma shi kaɗai ya san yana taɓa ta. Yanzu ta kusa ƙarewa.

"Wa ke zubar da wannan?"

"Ni ne. Ba zubarwa nake ba, awo nake. Na auna da safe, na sake aunawa da na ga jinin na Auta ne."

"Kai? Tun yaushe?"

"Tun da aka ce an ɗauke ni." Ya yi murmushi, ya sosa ƙeya. "An ce can in ka tsallake awo sau ɗaya sai a nuna maka ƙofa. To ba a fafe gora ranar tafiya. Na ce bari in saba tun yanzu."

Ƙa'ida ya ba na'urar jinin awo, ta faɗi daidai. Ya ba ta jinin ɗansa, ta faɗi abin da ta faɗa wa Ba-komai, ba ragi ba ƙari. Ya tsaya yana kallon lambobin.

"Ashe ka iya," ya ce a hankali. Sai muryarsa ta tashi. "Ashe duk shekarun nan ka iya! Na roƙe ka, na yi maka faɗa, na kai ƙararka, ka mai da ni mahaukaci. Mutanen da kake rubuta wa sakamako da ka ba 'ya'yan mutane ba ne? Sai da baƙi suka kaɗa maka yatsa daga nesa ka tuna kana da ilimi?"

"Mutumina, nan in na yi daidai wa zai gani? In na yi kuskure wa zai tambaya? Kai da ka yi ta yi, me aka ba ka ban da suna?" Ya buɗe ɗaya firjin ya ciro ledar jini. "Ka yi mini faɗan daga baya. Na riga na haɗa wannan da na yaron, sun dace. Tun ɗazu take jira. Ɗauki ka ruga."

Ya karɓa. Ledar tana da sanyi a tafin hannunsa, ya bi dogon barandar da gudu yana ture mutane.

Sai bayan la'asar jan jini ya fara dawowa leɓɓan Auta. Ya buɗe ido ya nemi ruwa, ya sha, ya koma barci. A bayan hannunsa akwai tabo biyu da suka yi baƙi, inda uban ya soka. Ƙa'ida yana zaune a kan benci ya kasa ɗauke ido daga kansu.

"Da ba shi ya yi gwajin ba," in ji matar, murya ƙasa-ƙasa don kada maƙwabtan gado su ji, "da ka bari an sa jinin nan tun da ka shigo."

"Na yi tsammanin..."

"Na san abin da ka yi tsammani. Ka ja da shi a kan tebur, ka ja da shi a taro, ban hana ka ba. Amma ba a jikin ɗana ba."

Fankar tana ta juyawa da ƙara. Wata mata a gadon kusa tana lallashin nata.

"Na ɗauka rashin sani ne ke damunsu," ya ce. "Na ɗauka in na yi ta faɗa za su koya. Ashe sun sani. Gini guda cike da mutanen da suka sani." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ki buga musu. Ki ce muna zuwa, mu huɗu."

Ta daɗe tana kallonsa. "Don mu, ko don kada ya tafi ya bar ka a nan?"

Ya buɗe baki zai yi mata jawabi irin na taro, sai ya fasa. "Duka biyun."

"To. Na karɓa a haka, tun da ka faɗi gaskiya."

"Kuma zan sake zama jarrabawar. Ba zan daɗe a gida ba."

"Allah Ya sa. Kafin nan dai ka koyi yi wa Gimbiya kitso."

Suna cikin haka Ba-komai ya leƙo, ya tashi daga aiki, da wata jaka a rataye. Ya taɓa goshin yaron da bayan hannu.

"Yaya jikin jarumi? Alhamdu lillahi, ya dawo." Ya sauke jakar a kan benci kusa da Ƙa'ida. "Littattafan da na yi karatun jarrabawa da su ne. Na ja layi a wuraren da suke yawan tambaya. Na ga ka ranar jarrabawar, a layin baya, na dai yi shiru ne."

Ƙa'ida ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya juya ya dubi matarsa, ta ɗaga kafaɗa, alamar ba daga bakinta ba.

"Ba na bukata."

"Yana bukata," in ji ta. "Mun gode, Allah Ya saka."

Ba-komai ya yi sallama ya fita. Jakar ta zauna a tsakaninsu ba wanda ya taɓa ta. Can da matar ta tashi ta tafi kiran waya a baranda, Ƙa'ida ya ja zif ɗin ya zaro na sama. Ya buɗe tsakiya. Layukan ja ne a miƙe, da 'yan bayanai a gefe cikin rubutu mai tsabta. Ya bi shafin daga sama har ƙasa yana neman kuskure, bai samu ba. Ya yi tsaki, ya juya shafi na gaba.