Taku Bakwai Daga Inna

Darakta bai taɓa shirya fim ba, ko na minti biyar. Mai ba da magani ne a asibiti, yana wuni bayan taga yana rubuta "biyu safe, biyu yamma" a jikin 'yar leda. Yayarsa ce ta laƙaba masa sunan don tsiya, ranar da ya shigo gida da kyamarar bidiyo rataye a wuya. Shi kuwa bawan Allah sai ya karɓe hannu bibbiyu, har yana juyowa in an kira.

Kyamarar ma da sauƙi. Inda abin ya lalace shi ne da ya sayo wani gilashi mai kama da gwangwanin madara, wanda ake ɗaurawa a gaban na kyamara, wai shi anamofik. Aikinsa ya matse hoto, mutane su fito sirara kamar tsinken sakace, sai an kai kwamfuta an buɗe sannan hoton ya baje da faɗi irin na silima. In kuma haske ya bugo shi, sai ya ja wani shuɗin layi daga wannan gefe zuwa wancan. To wannan layin ne ya tafi da hankalin Darakta. Wata huɗu cur yana ɗaukar ƙwan lantarkin kicin, da butar shayi tana tururi, da kyanwar maƙwabta a kan katanga. Yana gamawa sai ya tura wa wani zaure na waya inda irinsa suka taru, mutum ashirin da bakwai, babu wanda ya taɓa ɗaukar abin da wani zai kalla sau biyu, amma kullum suna yi wa juna jinjina.

Ana cikin haka mantuwa ta fara cin Inna, mahaifiyarsu. Yau ta san kowa, gobe ta tambayi Yaya ko 'yar wane gida ce. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce ranakun da take tashi garau raguwa za su yi ta yi. Abin da ya fi damun Yaya shi ne labarin Baba. Ya rasu Darakta na da shekara uku, ita tana da bakwai, kuma tun daga lokacin Inna ba ta taɓa buɗe baki a kansa ba. In an tambaye ta sai ta ce Allah Ya jiƙansa, ta tashi ta shiga kicin. Hotonsa ɗaya ne a gidan, shi ma rabin fuskar ya goge.

Wata Asabar da safe Yaya ta bugo waya. Ta ce Inna ta tashi ras, ta kira kowa da sunansa, kuma da bakinta ta ce yau tana so ta ba su labarin ubansu. Yaya ta ce za ta jingine wayarta a kan tebur ta ɗauka. Darakta ya ji kamar an zage shi. Waya? Labarin Baba a waya, shi yana raye da anamofik a gida? Ya ce kada kowa ya taɓa komai, ga shi nan tafe. Ya ɗauko matarsa ta riƙe masa jaka.

Gilashin nan yana da halinsa, kuma Darakta ya san shi sarai: ba ya ganin kusa. Duk abin da bai kai taku bakwai ba dishi-dishi yake fitowa. Ɗakin Inna kuwa taku biyar ne da ƙyar. Haka ya yi ta jan ƙafafun kyamara da baya har ya fice ta ƙofa, ya kafa su a lungun da ke tsakanin ɗaki da kicin, kafaɗarsa na gogar firji. Ya leƙa. Faɗin hoton ya kwaso komai da komai: Yaya a bakin gado, matarsa a tsaye, kwalaben magani, har da bokitin wanki. Ya sa aka kwashe kwalabe da bokiti. Sannan ya ce su ma su fita, suna ɓata masa hoto.

Yaya ta ce ubanta ne fa ita ma. Ya ce ai shi ya sa, so yake ta samu abin da za ta nuna wa jikokinta, ba kanta a gefe kamar mai jiran layi ba. Matarsa ta zaro ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga ta miƙa masa. Ya kalle ta irin kallon da yake yi wa mai neman magani ba takarda, ya ce baƙar wayar za ta fito a kan farin mayafin Inna, na kan kyamara ya isa. Suka fita tsakar gida, Yaya na ƙunƙuni. Ya ja ƙofar tsakar gidan ya rufe.

Ya juya kujerar Inna ta ba taga baya. Ya murɗa zoben gaban gilashin, ya murɗa na baya, don gilashin sai an saita wuri biyu kafin fuska ta fito. Inna na zaune da hannuwa a cinya tana jira.

"Fara, Inna," in ji shi daga lungu.

Ta fara. Minti hamsin tana magana. A ɗan allon kyamara ya gan ta siririya, tana dariya har tana rufe baki da mayafi. Ya ga ta miƙa hannuwa biyu gaba kamar mai riƙe da wani abu. Ya ga ta share ido, ta ci gaba. Duk sunkuyawar da za ta yi sai fuskar ta ɓace masa, ya bi ta da zobe, gumi na zuba. Can wajen minti na talatin rana ta sauko daidai ƙarfen taga, sai ga shuɗin layin nan ya ratsa ta saman kanta, tsaf, irin wanda bai taɓa samu ba ko a kan butar shayi. Daɗi ya kusa kashe shi.

Da ta gama ta jingina, a gajiye. Ta ce, "Ka dai ji ko, ɗan nan? Ba zan iya maimaitawa ba."

"An ɗauka duka, Inna."

Kwana takwas ya yi yana aiki a kan bidiyon. Ya buɗe hoton, ya gyara kala, ya sake gyarawa. Lasifikar kwamfutarsa ta yi wata huɗu a cire, tunda buta da kyanwa ba sa magana, kuma bai ga dalilin mayar da ita ba. Ya yanko hoto ɗaya mai layin ya tura zaure. Mutum ashirin da shida suka yi masa jinjina, wani har ya ce wannan ya wuce wasa. Yaya ta bugo sau biyar, yana ce mata aikin ƙwarai ba ya son gaggawa.

Ranar nunawa suka taru a falon Inna, aka haɗa da talabijin. Inna na kujerarta, amma ranar ba tata ba ce. Tun shigowarsu take kiran Darakta malam likita. Ya rufe labule, ya yi ɗan jawabi a kan faɗin hoto wanda babu mai saurare, ya danna.

Gaskiya hoton ya yi kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ga Inna a tsakiyar allo, haske na zuba a kafaɗarta, bakinta na motsi. Abin da ke fitowa daga talabijin kuwa gurnanin firji ne. Yaya ta ƙara murya, firjin ya ƙara ƙarfi. A ƙarƙashinsa akwai numfashin mutum, fus, fus, da ƙarar zobe ana murɗawa. Muryar Inna na can nesa kamar ana hira a gidan maƙwabta, ka san magana ce amma ba ka tsintar ko kalma ɗaya. Sai wata murya ta fito tangararan, kusa da makirfo, tana raɗa: "Yauwa, tsaya haka, kar ki motsa."

Matarsa ta sunkuyar da kai. Darakta ya miƙe. Ya fara bayanin cewa akwai manhajar da ke cire ƙara, akwai wani a zaure da ya san kanta. Yaya ta ɗaga masa hannu. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Bar manhaja. Kai kaɗai ne a wurin, kai ka kore mu. Faɗa mana abin da ta ce."

Ya buɗe baki. Ya tuna inda zoben gaba ya tsaya, ya tuna na baya. Ya tuna minti nawa ne rana ta sauko taga. Ya lalubi Baba a cikin kansa, sama da ƙasa, bai samu komai ba. Da ƙyar ya ce yana jin akwai maganar keke, don ta yi hannu haka. Ko kuma tire ne ta ɗauko. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Inna ta matso gaba a kujera, ta ƙura wa allon ido. Matar cikin talabijin na dariya tana rufe baki da mayafi, ita ma sai ta yi murmushi.

"Wannan baiwar Allah labari mai daɗi take bayarwa," in ji ta. "Malam likita, me take cewa ne?"

A allo shuɗin layin ya ratsa ta saman kan Inna, sai muryar Darakta daga talabijin ta cika falon, cike da murna: "Kai, kai, kai. Wallahi 'yan zaure sai sun haukace."