Rigar Aiki Ta Biyar

Shekara ashirin Dakta Loretta Pruitt tana aiki a sashen gaggawa na wani ƙaramin asibiti a Tennessee, amma ko kwana ɗaya ba ta taɓa zama ma'aikaciyar asibitin ba. Aronta ake yi daga wani kamfani da ke ba asibitoci hayar likitoci.

Likitoci uku ne suka kafa kamfanin a kan teburin cin abinci. Wani babban kamfani ya haɗiye shi, masu jari daga New York suka haɗiye wanda ya haɗiye, da kuɗin bashi kuwa. Bayan haka ma an sake sayar da shi har sau biyu. Duk sayarwa sai an aiko mata da sabuwar farar riga da sabon suna a ƙirji. Sunan ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma haruffa uku da babu wanda ya san ma'anarsu. Riga biyar ke nan, ƙofa ɗaya.

Ranar Juma'a saƙo ya shigo wayarta: kamfani na alfahari da ita, kuma zai rufe yau da sha biyun rana. Inshorar da ke tsaya mata idan aka maka ta a kotu ita ma ta bi shi.

Sha biyu da minti goma aka turo Orville Tackett, tsohon makanike, yana dafe da ƙirji. Manajan asibitin, Mista Dunlap, ya sha gabanta.

"Likita, don Allah dakata. A takarda yanzu ke baƙuwa ce. In kika taɓa shi wani abu ya faru, har gidanki sai sun sayar."

"Akwai wani likitan?"

"Yana hanya. Awa biyu."

Gidan nan shi kaɗai ta mallaka a duniya. Ta tuɓe rigar, ta ninke, ta ɗora wa Dunlap a hannu. Ya tsaya riƙe da ita kamar an ba shi jaririn wani. Ita kuwa ta wuce ciki.

"'Yar nan, yau babu riga?" in ji Orville, da ƙyar. "Wa kike wa aiki yanzu?"

"Babu kowa, Baba. Kwanta."

"To wa zai aiko min da takardar biya?"

"Babu kowa."

Tsohon ya lumshe ido, ya miƙo mata hannu.

"Ashe yau zan warke. Soka allurarki."

Ta kama hannun, ta soka.