Fankar Ɗakin Direba

Da hantsi Yaya ta shigo shagon, rungume da laftof a cikin zanen gado kamar mai kai jariri asibiti. Ƙaninta yana kan benci, ya duƙufa a cikin wata kwamfuta da ya farke, ko sallamarta bai ji ba sai da Mai Caja, maƙwabcinsa na shago, ya zungure shi. Kowa a layin masu gyara Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, kuma ɗan yayar tasa ne ya liƙa masa sunan tun yana yaro.

Da ganin zanen ya san abin da ke ciki.

"Mutuwa take yi da kanta," in ji Yaya. Ba ta zauna ba. "In na kunna, ta ɗan jima, sai ta ɗauke ɗif. Ka taimake ni, kar ita ma ta tafi. Ita kaɗai ta rage min a ɗakin nan."

Laftof ɗin ta Direba ce, ɗanta tilo, wanda ya rasu 'yan watannin baya. Direban da ko keke bai taɓa tuƙawa ya bar unguwa ba, Allah sarki. Ciwon sikila ya ɗaure shi a gado fiye da rabin rayuwarsa, shi kuma ya samu wani gem, wasan kwamfuta na tuƙa manyan motocin kaya, yana kwance yana ratsa duwatsu da gadoji da garuruwan da ba wanda ya san su. In ka leƙa ka ce, "Ya jiki?" sai ya ce, "Kawu, kar ka yi min magana, ina kan kwana da tirela." Daga nan sunan ya bi shi.

Ita kuwa laftof ɗin, kuka gare ta na fitar hankali. Direba da abin sauraro a kunne yake wasa, don haka ba a jin ƙarar mota, sai ta fankar da ke cikin na'urar, tana gurnani tana kaɗawa, ta hau ta sauka. Bangon da ke tsakanin ɗakinsa da na uwarsa siriri ne. Yaya tana zaune tana saƙar hulunan jarirai, sai ta ɗaga murya: "Direba! Ka rage mana injin markaɗen nan!" Shi kuma ya yi dariya ya ci gaba. Faɗan baki ne kawai. Duk ranar da ciwo ya tashi, yatsunsa ba sa iya danna komai, ɗakin sai ya yi tsit, to ranar ce Yaya take ajiye saƙa ta nemi mayafi da katin asibiti.

Kawu ya san duk wannan. Sai dai kunnen mai gyara ba irin namu ba ne. Mu mu ji ƙara, shi ya ji cuta.

"Ki bar min ita, Yaya," ya ce. "Wallahi sai ta fi sabuwa."

Tana fita ya ture aikin mutane gefe. Akwai abin da yake cin ransa. Direba ya daɗe yana roƙonsa: "Kawu, ka ƙara min ram mana, motata sarƙewa take yi a kan dutse. Ka sa min irin ma'ajiyar nan mai sauri." Shi kuma kullum, "Bari in samu sarari." Ram ɗin ma, ɗan allon nan da ke ƙara wa kwamfuta sauri, ya tanada, yana nan cikin aljihun tebur a ledarsa. Amma kun san halin masu sana'a: na waje a yi masa yau, na gida ya jira. Direba ya yi ta jira har ya tafi.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kifa laftof ɗin, ya kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya yana jera su a murfin gwangwani. Da ya ɗaga marfin baya, sai da ya ja baya ya yi tari. Ƙura da gashin bargo sun dunƙule a bakin mafitar iska, sun zama kamar audugar katifa. Ya sha gaya wa yaron nan, kar ka ɗora ta a kan bargo, toshe mata numfashi kake yi. Yaron ya ce, "To Kawu, a ina zan ɗora? Ni da bargon ai tare muke zaune."

Mai Caja ya leƙo ya ga tulin ƙurar. "Kai! Wannan ai katifa ka samu, ka sayar min in kwanta." Ya ga Kawu bai ko murmusa ba, ya kalli zanen gadon, ya gane. Ya ja bakinsa ya koma shagonsa.

Abin da masu gyara suka fi tsoro a irin wannan aiki shi ne ɓatar da kayan mutum: hotuna, saƙonni, inda ya tsaya a wasansa. Kawu bai yi wasa da wannan ba. Kafin ya taɓa komai ya kwafe tsohuwar ma'ajiyar kaf zuwa sabuwa, ya duba, ya sake dubawa. Ga hotunan Direba nan, ga motarsa ja a fake a bakin wata gada, inda ya bar ta. Sannan ya share ƙurar da buroshi, ya hure sauran. Ya goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar, wanda ya zama kamar alli, ya shafa sabo don zafi ya riƙa wucewa. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ram ɗin. Da ya danna shi ya ji ya ce ƙas a mazauninsa, sai hawaye ya ɗigo a kan farin ƙyallen. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba, shi ne ya gagara yi wa yaron yana da rai.

Saura fanka. Ya juya ta da yatsa, ta yi gare-gare. Boris ɗin da take juyawa a kai ya cinye, fiffike ɗaya ya ɓalle. Ya cire ta ya wurga a bokitin tarkace da ke ƙarƙashin benci, ko kallonta bai sake yi ba, ya sa sabuwa.

Ya kunna, kafin ya gyara zama ta buɗe. Ya shiga gem ɗin, ya ga hoto yana tafiya sumul, ba sarƙewa. Ya bar ta a kunne wuni guda, yana taɓa bayanta, ɗumi kawai kamar goshin mai lafiya. Ya kara kunne, iska ce take fita siririya. Ranar ce ya fara jin sanyi a ransa tun bayan rasuwar. Ya ce a zuci, Direba, na makara, amma ga shi na yi.

Washegari da la'asar ya kai mata. Ɗakin Direba yana nan yadda yake: gado a jikin bango, bargo a ninke, kwalaben magani a kan taga. Kawu ya jawo ɗan tebur ya ɗora laftof ɗin, ya kunna, ya buɗe gem ɗin, ya ja gefe yana jiran ta yi murna.

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa. Ta jira. Ta ce, "Ka kunna mana."

"Ai a kunne take, Yaya. Duba, ga motarsa nan. Hotunansa ma ko ɗaya bai ɓata ba."

Ba ta kalli gilashin ba. Ta matso, ta durƙusa, ta kara kunnenta a gefen na'urar. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, fuskarta irin ta ranar asibiti ce.

"Ina kukanta?"

"Na gyara. Fankar ce ta lalace, ita take..."

"Ka gyara." Ta zauna a ƙasa, ta jingina da gadon. "Lokacin da hannunsa ya kumbura ya koya min, danna nan, sai nan. Tun da ya tafi, kullum da rana nake shigowa in kunna, in ɗora a kan bargon, in ja ƙofa, in koma ɗakina in ɗauki saƙa. In na ji tana kukan nan ta bango, sai in ce yau jikin da sauƙi. Na san ƙarya nake yi wa kaina, ba hauka nake ba. Amma da ita nake iya kai loma baki." Ta share ido da gefen mayafi. "Hotuna me zan yi da su? Ni ban iya kallonsu. Ce maka na yi kar ta mutu, ban ce ka rufe mata baki ba."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Kawu. Yadda ya saba mayar wa mutane kayansu suna godiya, yau ya yi aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa, kuma da shi ya sake yi wa yayarsa rasuwa.

Bai yi mata sallama ba ya fita. Ya isa shago ana shirin rufewa, ya jawo bokitin tarkace ya zazzage a ƙasa, ya durƙusa yana tona wayoyi da matattun batura. Mai Caja ya fito da makulli a hannu. "Kawu, lafiya? Zinare ka jefar?" Kawu ya ci gaba da tono. Mai Caja ya ajiye makullin, ya durƙusa kusa da shi, ya ce, "Faɗa min kamarsa kawai." Shi ne ma ya gano tsohuwar fankar, maƙale a cikin wata igiyar caja, da fiffikenta ɗaya a ɓalle.

Da safe Kawu ya koma gidan Yaya, sukundireba da tsohuwar fankar a aljihu. A kan gadon Direba ya yi aikin. Ya cire sabuwar fanka mai lafiya ya mayar da gurguwar. Tun da ya fara sana'a bai taɓa ɓata abu da gangan ba sai yau. Ya kunna. Fankar ta ɗan yi gare-gare a hankali, ta yi shiru. To me zai sa ta kuka? Cikin ya yi tsaf, ba ƙura, ba zafi, ba abin da zai wahalar da ita.

Ya yi dabara irin ta masu gyara. Ya shiga saitin na'urar ya umarci fankar ta yi ta gudu iya ƙarfinta. Nan take ɗakin ya cika da ƙara. Ya leƙa ɗakin Yaya da sauri. Tana zaune, saƙar a cinya, ba ta taɓa ba.

"Ba ita ba ce," ta ce. "Wannan a miƙe take kamar janareto. Tasa hawa take yi tana sauka. In ya hau dutse ta yi kamar za ta fashe, in ya gangaro ta huta. Daga nan nake sanin inda yake."

Kawu ya koma ya mayar da saitin. Ya zauna a bakin gadon yana kallon bargon. Ya san abin da ya rage, ya kuma san ƙarshensa. Kukan nan kukan wahala ne, ba ya fitowa sai na'ura tana dahuwa. In ya toshe mata iska za ta yi muryar da Yaya take so, kuma zafin zai ci ta a hankali, wata rana ta ɗauke ɗif, irin ɗaukewar da ba mai gyaran da zai tashe ta. Yaya ta roƙe shi kar na'urar ta mutu. Ta kuma roƙe shi ya dawo mata da kukan na'urar. Biyun ba sa haɗuwa, kuma ba shi da zuciyar da zai je ya ce mata ta zaɓa.

Ya warware bargon, ya ɗora laftof ɗin a tsakiyarsa, ya danna ta ta nutse sosai. Ya cire takalmi ya hau gadon, ya jingina da bango yadda yaron yake yi. Ya sa abin sauraron a kunne ɗaya, ya bar ɗayan. Shi da yake cewa gem aikin marasa aiki ne, ya laluba maɓallan har jar motar ta motsa daga bakin gadar. Ya daki ƙarfen gefen titi, ya ja baya, ya sake. A hankali ya hau hanya. Can gaba titi ya fara miƙewa sama, dutse ya taso, ya ji ɗumi yana tasowa a ƙarƙashin tafin hannunsa. Fankar ta yi gyaran murya, ta kama, ta hau, ta hau, tana gurnani tana kaɗawa har gadon yana amsawa. Ya kai ƙoli ya gangara, ta sauke numfashi.

A dutse na gaba ne muryar Yaya ta ratso bango, da ƙarfinta, da faɗanta, irin wadda bai sake ji ba tun ranar rasuwar.

"Direba! Ka rage mana injin markaɗen nan!"

Ba wanda ya yi dariya a ɗakin. Kawu ya ji kukan Yaya ƙasa-ƙasa ta bangon, daga baya kuma ya ji ƙarar ƙarafan saƙa suna haɗuwa. Hawaye ya hana shi ganin titi sosai, maɓallan sun yi zafi har suna cizon yatsa, ya kuma san sarai abin da zafin yake ci a ciki. Ya goge ido da kafaɗa, bai ɗaga hannu ba, ya nufi dutse na gaba.