Hajo Ta Zubar da Ruwan Bagaruwa

Hajo ta sunkuya a gida za ta ɗaga tukunyar tuwon da take sayar wa 'yan albasa a Kasuwar Relief, sai tari ya sarƙe ta. Nan take ta ji ɗumi yana bin cinyarta. Ta dire tukunyar, ta ja tsaki.

Tun haihuwar autanta abin ya fara. Nauyi a mara kamar an rataya mata dutsen niƙa. In ta wuni a tsaye, da yamma sai wani abu kamar ƙwan kaza ya leƙo ta gabanta, in ta kwanta ya koma. Fitsari ba ya ƙarewa, tana fitowa daga banɗaki sai ta ji da saura. Matar da ake jiyo dariyarta har bakin titin Fegge, yanzu sai dai murmushi, don dariyar ma jiƙa ta take yi. Wallahi abin ya ishe ta.

Barira, yayar mijinta, tana zaune a karkace kan tabarma, yadda ta saba zama, tana tsintar wake.

"Kin zauna a ruwan bagaruwar yau?" in ji ta.

"Yaya, na zauna har bahon ya gaji da ni. Asibiti za ni."

"Asibiti? Unguwar Hausawan nan da ba ta fi tafin hannu ba? Kafin la'asar kowa ya ji Hajo mai tuwo yoyon fitsari take yi. Wa zai ƙara cin abincinki? Mace daurewa take yi."

"Ba yoyon fitsari ba ne. Na faɗa wa Munira, tunda aikin jinya take karanta a Inugu. Ta ce mafitsara ce ta sauko, haihuwa da ɗaukar kaya ke jawo shi. Akwai zoben roba da ake sawa ya tokare ta, in ya ƙi a yi aiki."

"Kika buɗe baki kika faɗa wa 'yar cikinki? Ina kunya?"

Ran Hajo ya ɓaci. Ta shiga banɗaki ta kinkimo bahon bagaruwar, ta fito tsakar gida inda matan haya suke layin famfo, ta sheƙa shi a kwata.

"Jama'a, ku ji daga bakina kafin a kawo muku da ƙari! Mafitsarata ce ta sauko. Ba sata na yi ba, haihuwa na yi. Asibiti za ni. Mai cin tuwona ya ci, wanda ya fasa, Allah ya raka taki gona!"

Bokiti ya cika har yana zuba.

Ta sauya zani, ta yafa mayafi ta fita, ba ta waiwaya ba. Okada, wato acaɓa, ba ta zaunuwa gare ta yanzu, sai ta tsayar da keke mai ƙafa uku. Tana shiga, ga Barira da hijabi tana haki.

"Matsa. Rakiya ce kawai, kada a ce mun bar ki ke kaɗai."

Barira ta zauna a karkace. Keke ya faɗa rami, hayaƙin wata tirela ya turnuƙe su. Barira ta yi atishawa, ta yi maza ta harɗe ƙafafu. Hajo ta gani, ta kau da kai.

Sun kusa asibiti Barira ta matso, ta rage murya.

"Wannan zoben naki, har tsofaffi ake sa wa?"