Duwatsun Bakin Turba

Tun da asuba Bassu ya san ranar ba za ta ƙare lafiya ba, domin rafi ya sauko ja wur kamar an dama jar ƙasa. Ƙanƙarar kan tsauni ta fara narkewa ke nan, kuma duk wanda ya girma a ƙauyen Amskar ya san in ruwa ya yi wannan launi, wani wuri ya zube a sama.

Abu ɗaya ne ya kwantar masa da hankali. Jiya da yamma shi da kansa ya jera duwatsu a bakin turbar da ke haurawa Tizi, mashigar da ke tsakanin tsaunuka, ya ɗora reshen ƙaya a kai. Haka ake yi tun kaka da kakanni: wanda ya fara ganin hanya ta lalace shi ke toshe bakinta, ba mai taɓa duwatsun sai an yi gayya an gyara. Ɗansa Idir, mai jan alfadari yana ɗaukar wa baƙi masu hawan dutse kaya, ya kwana a masaukin baƙi na kawunsa Haddu. In ya ga duwatsun, zai juyo.

Da hantsi Bassu ya leƙa wurin. An watsar da duwatsun, ƙayar tana cikin rafi. Ga sawun alfadari sabo fil, ga na manyan takalma, duk sun miƙe sama.

Ya tarar da Haddu, yayan matarsa, a ƙofar masauki yana tsiyayo shayi daga sama, kumfa na tashi. Yau bai ce masa Dda Haddu ba, yadda ake kiran babba.

"Wa ya kwashe duwatsuna?"

"Ko sallama babu? Zauna ka sha shayi."

"Riƙe shayinka. Wa ya kwashe su?"

"Ni ne," in ji Haddu. "Mutane sun taso daga uwa duniya don su ƙetare Tizi, sai in ce su koma saboda surukina ya ga taɓo? Kai fa ko kaza ta yi tari sai ka tara duwatsu."

"Taɓo? Da idona na gani! Gindin turbar ya zaizaye a Kwanar Akuya. Abin da ya rage ko tabarmar salla ba za ta shimfiɗu ba, ƙasa kuma kwazazzabo. Ka gaya wa yaron?"

Haddu ya kurɓi shayi. "Idir ba yaro ba ne. Ya fi ka sanin dutse."

"Na ce ka gaya masa?"

Haddu ya sake cika kofinsa.

"Naka ɗan yana Marrakesh yana sayar da waya a kan kwalta," in ji Bassu. "Nawa ɗan ka tura."

"Shi ya roƙe ni aikin. Ya gaji da zama ƙarƙashin fiffikenka kamar ɗan tsako."

Bassu ya sa ƙafa ya shuri faranti, kofuna suka tarwatse. "Wallahi in wani abu ya same shi, kai za ka dubi idon ƙanwarka ka gaya mata, ba ni ba."

Ya koma bakin turba, ya sake jera duwatsun a bayansa, sannan ya kama hawa. Ruwa ya mai da tsakiyar hanyar magudana. Laka tana kama takalminsa, sai ya fizge da ƙyar, gefen jallabiyarsa ya yi nauyi. Ya zame ya faɗi a kan gwiwa, ya tashi. Ya ciro waya, babu sabis, daman a nan ba a samu.

A Kwanar Akuya babu sauran turba. Gefen dutsen ya zube gaba ɗaya, ƙasar ɗanya, ƙananan duwatsu har yanzu suna gangarawa. Sawun alfadarin ya zo har baki, ya cakuɗe da na mutane, kamar an tsaya ana gardama. Ta hannun dama akwai tsohuwar hanyar makiyaya da ke hawa kan falalen dutse, amma dutse ba ya riƙe sawu. Ya leƙa ƙasa: hazo da rugugin ruwa.

"Idir!"

Tsauni ya mai do masa da sunan.

Ya sake kira har muryarsa ta dushe. Bai sani ba ko sun ƙetare kafin wurin ya zube, ko sun bi ta falalen, ko suna ƙasa.