Jirgin da Jalilu Ya Yanka

Seidu tsohon sojan sama ne, ya yi ritaya yana zaune a unguwar Maamobi. Aikinsa a da shi ne koya wa samari tuƙin jirgi. Wata Asabar ɗan ƙanwarsa Jalilu, mai sayen tsoffin ƙarafa a Kawukudi, ya kira shi a waya yana dariya.

"Kawu, zo ka ga abokinka."

Seidu ya hau tirotiro, ƙaramar motar haya, ya je. Da ya shiga filin ya tsaya cak. Jirgin koyon tuƙi ne ƙirar Italiya, irin wanda ya yi shekaru a cikinsa. An riga an sare fukafukan. Wani mai walda yana durƙushe yana yanka wutsiyar.

"Kai! Kashe wutar nan!"

Mai waldar ya dubi Jalilu, bai kashe ba.

"Kawu, a gwanjo na saya. Masu ƙera tukwane a Nima suna jiran alminiyon."

"Tukwane?" in ji Seidu. Ya ja Jalilu da hannu zuwa gaban jirgin. "Duba. Kujeru biyu, ɗalibi a gaba, malami a baya. Sandar tuƙi biyu, a haɗe suke ta ƙasa. Yaro ya ruɗe a sama, ina jin rawar hannunsa a tawa sandar, sai in karɓa. Haka aka ƙera shi, don kada kuskuren farko ya kashe ɗan mutane. Shi za ka dafa wake a ciki?"

Jalilu ya fizge hannunsa. "Wallahi Kawu, a cikin ciyawa na same shi, ƙadangaru sun cika kujerarka. Tun da ka bar aiki ka taɓa zuwa ka duba shi? Ni na yar da shi?"

Maganar ta ƙara ƙona wa Seidu rai. Ya harbi wani bokiti, ruwa ya watsu a ƙafafun mai waldar.

Jalilu ya sassauto. "Ka ɗauki kujerar baya, na ba ka."

"In zauna a kai in kalli me?"

Ya fita bai yi sallama ba. Kafin sati ya zagayo an kwashe komai. Da aka yi sunan ɗan Jalilu, Seidu bai je ba, matarsa Rafi'atu ce ta je ita kaɗai.